Wani Ya Sha, Ni Na Jigata

A shekarar da na yi bautar ƙasa a Jos, na zauna ɗaki ɗaya da wani malamin lissafi na makarantar da aka tura ni, mutum mai fara'a wanda duk gidan hayarmu ke kira Ticha. Zamanmu lafiya lau ne, domin ba ya taɓa butata, ni kuma ba na tambayarsa inda yake yada zango ranar da aka biya albashi. Da watan Disamba ya kama, sanyin Filato ya fara shiga ƙashi, sai ya gayyace ni bikin auren wata ƙanwarsa, ni kuwa na amsa da murna saboda na ji labarin irin shinkafar da ake dafawa a danginsu.

Tun kafin mu fita Ticha ya bayyana mini cewa shi ba kamar sauran mashaya ba ne, domin da lissafi yake shan abinsa. Ya ɗauko kwalbar manja ya kurɓi cokali biyu, ya yamutsa fuska, sannan ya yi mini bayanin cewa man zai shafe bangon cikinsa ta yadda giya za ta zame ta wuce ba tare da ta sami wurin kamawa ba. Abincin rana kuwa ƙin ci ya yi, wai yana bar wa shinkafar biki wuri. Ban yi masa musu ba, tunda ba fannina ba ne.

A wurin bikin aka ba ni kujera da zoɓo mai sanyi da faranti shaƙe da shinkafa. Shi kuwa Ticha bai kai ga shinkafar ba, domin kawunnansa sun tare shi a gindin bishiya inda aka girke tukunyar burkutu, jan ruwan nan mai kauri da ake yi da tsiron dawa, kowane tsoho da ƙwaryarsa a hannu. Ya sha na gaisuwa, ya sha na girmama manya, ya sha na taya ango murna. Da magariba ta yi na hango shi da kwalba, bayan isha kuma wasu samari suka ja shi bayan rumfa inda ake zuba goskolo, wata barasa mai ƙarfi da ake haɗawa a ɓoye, a 'yan kofuna. Lokacin da na je kiran sa mu tafi, yana tsaye yana koya wa wata akuya jadawalin bakwai, kuma a gaskiya har zuwa bakwai sau shida bai yi kuskure ba.

A cikin Keke Napep ne manja da burkutu da goskolo suka yanke shawarar dawowa tare, kuma ba su zaɓi ko'ina ba sai gaban farar shaddata. Mai keken ya ƙara mana kuɗin wanki. Daren nan ban runtsa ba, domin bini-bini sai Ticha ya miƙe zai je fitsari, ni kuma in tallafe shi kada ya shiga ɗakin mai gidan haya. Barci bai ɗauke ni ba sai dab da kiran assalatu, wanda ya sa na makara, na yi sallata ni kaɗai rana ta riga ta fito.

Da hantsi Ticha ya farka yana nishi, ya ce ana daka sakwara a tsakiyar kansa, ya roƙi a kashe rana. Kafin in ankara ɗakinmu ya cika da masana. Maigadi ya ce maganin abin shi ne a ƙara masa ƙwarya ɗaya, domin da ƙaya ake cire ƙaya. Mama mai gidan haya ta ce ƙarya ne, farfesun kayan ciki mai yaji ne ke korar ta ta hanyar gumi. Wani direba ya rantse da ruwan shuwaka, wani ɗalibi ya kawo shawarar Nescafé mai kauri ba madara, sannan a watsa masa ruwan rijiya, a wannan sanyi da ko alwala sai mutum ya yi ta maza. Kowa ya ba da fatawarsa ya koma ɗakinsa, aka bar ni da aiken da kuma biyan kuɗin daga ɗan alawus ɗina.

Na fita da ido jajawur, da rigar sanyi a kan wandon jiya wanda ban lura cewa shi ma ya sami rabonsa ba. Na sayi farfesu, na samo shuwaka, sannan na tsaya a kemis na sassauta murya na ce, “Don Allah wani abokina ne ya sha giya jiya, kansa ke ciwo.” Mai kemis ya dube ni daga hula har takalmi, ya ja numfashi ta hanci, ya ce, “Malam, tunda na buɗe shagon nan ban taɓa ganin wanda ya sha da kansa ba, kullum aboki ne.” Ya miƙo mini farasitamol. Ina juyowa sai ga Baba Ladan na masallacin unguwa a bayana, ya zo sayen maganin tari, kuma bisa ga dukkan alamu bai rasa ko kalma ɗaya ba.

“Malam, yau ba mu gan ka a asuba ba,” in ji shi.

“Wallahi Baba, jinya na kwana yi.”

“Haka ne, jinya,” ya ce, yana kallon wandona. “Allah ya shirye mu baki ɗaya.”

Na dawo na tarar da Anti, ma'aikaciyar jinya da ke ɗakin ƙarshe, ta sauko daga aikin dare tana tsaye a kan Ticha. Tambayar farko da ta yi masa ita ce ko yana gani sosai, ko kuwa yana ganin hazo-hazo, domin barasar da ake haɗawa a ɓoye wani lokaci tana ɗauke da metanol, gubar da ke makantarwa har ta kashe, kamar yadda ta hallaka mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo a 2015. Ticha ya ce yana ganin komai, har ya fi son a ce ba ya gani. Ta ce to ba sai an tafi asibiti ba.

Daga nan ta bi kayan da na sayo ɗaya bayan ɗaya tana yanke musu hukunci. Farasitamol ta jefa a aljihunta, ta ce hantar da ta kwana tana fama da giya ba ta bukatar ƙarin aiki, asfirin kuma zai ƙara wa cikin da ya riga ya ƙone zafi. Nescafé zai buɗe masa ido ne kawai, ba zai rage ko ɗigo na abin da ke jininsa ba. Shawarar maigadi ta ce jinkirta ciwon ne zuwa yamma tare da riba. Ta yi mini bayanin cewa hanta tana fara mayar da giya wani sinadari mai guba, asetaldihaid, kafin ta kai ga lalata shi, kuma tana ɗaukar kimanin awa guda a kan abin da bai kai kwalba ɗaya ba, ba wanda ya isa ya sa ta sauri. Yawan fitsarin da ya hana ni barci kuwa giyar ce ke hana ƙoda riƙe ruwa, shi ya sa bakinsa ya bushe. Da na ba ta labarin manja, sai da ta dafa bango don dariya, ta ce da ya ci shinkafar nan kafin ya fara, ya riƙa kurɓar ruwa tsakanin ƙwarya da ƙwarya, ya kuma san inda zai tsaya, da ya fi masa jarkar manja guda. Ta kuma ja mini kunne cewa wanda ya bugu a gefe ake kwantar da shi, ba rigingine ba, don kada amai ya shaƙe shi.

Maganin nata bai wuce lita 1 ta tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri ba, sai koko da burodi, sai barci. Ni na dama, ni na ɗanɗana, ni na riƙe masa kofin. Shuwakar kuwa Mama ta karɓe ta yi miya da ita.

Da la'asar Ticha ya tashi garau, ya yi wanka, ya ɗumama farfesun da na saya ya cinye tas, bai tuna akuya ba, bai tuna keke ba. Ya dube ni ina kwance da ciwon kai da mura, ya girgiza kai cikin tausayi ya ce zoɓo mai sanyi ba ya yi wa baƙi daɗi a Jos, ya kamata in riƙa sanin iyakata. Da magariba na lallaɓa masallaci, ana sallamewa Baba Ladan ya sanar cewa daga yau za a riƙa ɗan karatu a kan illar kayan maye, ya kuma roƙi jama'a su matsa wa ɗan bautar ƙasa ya dawo sahun gaba inda zai fi ji sosai.