Yadda Inna ta yi alale da kontirol ɗina

Duk wanda ya yi mastas a sashen bayoloji ya san ranar semina, kai za ka sayi lemo da cincin ka raba wa mutanen da suka zo takanas don su yi maka fata-fata, a ƙarshe kuma ka ce musu an gode. Ni aikina a kan ƙwaron wake ne, ɗan mitsitsin nan da ke huda wake a buhu, a takarda sunansa Callosobruchus maculatus, sai da na yi ta bitar sunan a banɗaki kafin harshena ya yarda. Ina gwada garin ganyen dogonyaro da garin ƙwallonsa da barkono ne, a ga wanne zai hana shi ɓarna. Rukuni huɗu, kowanne kwalba huɗu, na ƙarshen shi ne kontirol, wato waken da ba a sa wa komai ba, an bar ƙwari su ci karensu babu babbaka don a samu abin kwatantawa.

To lab ɗinmu ga ɓeraye ga 'yan ajin ƙarshe masu buɗe duk abin da suka gani, sai na kwashe kwalaben na kai gida na jera ƙarƙashin gado, kowacce an ɗaure bakinta da ƙyalle. Macen ƙwaron ce ke manna ƙwai a jikin waken, tsutsa ta huda ta shige ta yi ta ci daga ciki, bayan sati uku zuwa huɗu babba ya fito ya bar ramin nan zagayayye. Aikin dai jira ne da ƙirga ramuka har ido ya yi ja.

Wata ranar na dawo a gajiye aka miƙo min alale da manja yana tururi, na share na nemi ƙari. Inna ta ce "ci mana, ai wakenka ne. Ɗan nan kana ta boko amma ka bar abinci ƙwari na cinyewa a ɗaki, ni na baza shi a rana na sheƙe na gyara." Masu maganin ba ta taɓa ba, wai suna warin ɗaci. Kontirol kaɗai ta kwashe, duka huɗun, kwalaben ma har ta wanke ta zuba kuka da daddawa.

Ga shi an riga an manna sunana a allon sanarwa, ba fashi. Na ja ɗan layi a gurbin lambobin na ce Allah ka sa kar a gani.

Minti 15 aka ba ni. Na fara da ƙarfina, Najeriya ta fi kowace ƙasa noman wake Nijar na biye da ita, na kawo zancen 'yan kasuwar Dawanau da asarar ajiya, na taɓo buhun PICS na jami'ar Purdue ta Amurka mai leda biyu a ciki wanda ke toshe iska har ƙwarin su mutu. Wuta ta ɗauke, aka tada janareta, furojekta ya dawo da komai ruwan ɗorawa, ban damu ba. Da na zo tebur na uku, wato jadawalin lambobin nan da na ja wa layi, na danna na wuce da gudu.

Tambayoyi suka fara. Wata Dakta ta ce manazartata sun tsufa, wannan ko me ka kawo sai an faɗa. Wani ya tambayi me ya sa ƙwallo ya fi ganye aiki, na ce sinadarin azadiraktin mai hana ƙwari ɓarna ya fi yawa a ƙwallon, ya gyaɗa kai, har na fara jin kaina. Sai wani tsohon Farfesa da tun farko idonsa ke rufe, wallahi na ɗauka barci yake, ya ce a koma tebur na uku.

"Ina kontirol na sati na shida?"

"Ranka ya daɗe, an samu asarar samfuri sakamakon wasu dalilai na muhalli."

"Wane muhallin? Zafi ko laima?"

"Na cikin gida ne ranka ya daɗe."

"Ɓera?"

"Mahaifiyata ce."

Ya cire tabarau ya ce ta zubar ne? Na ce an yi alale. Wani ɗan iska daga baya ya ce "ka ci?" ɗaki ya ɗauka, sufabaiza na ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa.

Farfesa dai ko murmushi. Sai tambaya yake, awa nawa ta shanya, a kan tabarma ko langa-langa, da kauri ta baza ko da faɗi, don zafin da ya kai wajen digiri 60 yana kashe ƙwan da tsutsar da ke ciki gaba ɗaya, kuma an daɗe da gwada haka da baƙar leda. Daktar nan ta ce abin da ba a auna da ma'aunin zafi ba ba kimiyya ba ne. Ya ce mata kafin a haifi ma'aunin ake shanya wake. Ashe da ma suna da tsohuwar jiƙaƙƙa, suka yi ta yi, aka manta da ni a tsaye ina riƙe da sandar nuni, cincin na ƙarewa a gabana.

Hukunci: a sake gwajin daga farko, a ƙara rukuni na biyar, shanya a rana. Wato ƙarin wake, ƙarin kwalabe, duk daga aljihuna. A hanyar gida na tsaya na sayi kwaɗon ƙofa. Da na ba Inna labari cewa ta yi Farfesan nan shi kaɗai ne mai hankali a cikinmu, kuma in zan sayo waken in duba mai kyau, na wancan karon rabinsa duk ƙwanso ne.