Galahanga daban, gushewar hankali daban

Malam, na karanta rahoton naka da ke tambayar ko galahanga (wato autism, lalurar da ke shafar yadda mutum ke magana da mu'amala da jama'a) da taɓin hankali na rage wa mai kisa laifi. Ni dai a ganina an haɗa abu biyu a kwando ɗaya.

Dubi Alek Minassian da ya bi ta kan mutane da mota a birnin Toronto na Kanada a 2018, ya kashe 10 a ranar. Lauyoyinsa sun fake da galahanga, amma a 2021 alƙaliya ta yi watsi da hujjar, don shi ya yi hayar motar, ya tsara komai, ya kuma san abin da yake yi ba daidai ba ne. Valdo Calocane kuwa, da ya kashe mutum 3 a birnin Nottingham na Birtaniya a 2023, likitoci sun tabbatar ciwon ƙwaƙwalwarsa mai tsanani ne, har muryoyi yake ji, shi ya sa aka tsare shi a asibiti. Ko a shari'a, wanda hankalinsa ya gushe aka ɗauke wa alƙalami.

Ɗan yayata na da galahanga. Ƙarar injin markaɗe kawai ke sa shi toshe kunne ya shige ɗaki. Wallahi irin wannan kanun labarin ke sa maƙwabta janye 'ya'yansu daga wajensa.