Kafin a ɗinka wa yaro yunifom

Ƙannena mata, da ku sabbin magidanta, Satumba ta ƙarato, kuma duk gidan suna ko biki da na shiga hirar ɗaya ce: wace nazire za a kai yaro? Shawarata ita ce kada ku biya ko kwabo sai kun je makarantar da ƙafarku, da tsakar rana, ba tare da kun sanar za ku zo ba.

Ni na yi wannan kuskuren, shi ya sa nake magana. Ɗana na fari yana da shekara biyu da wata huɗu na kai shi, don kawai na ji 'yar maƙwabciyata tana rera baƙaƙen Turanci, raina ya biya. Katangar makarantar ta sha fenti, ga hoton giwa da zomo. Da safe na je, aka zaunar da ni a ofis mai fanka, na biya na fito ina murna. Sati uku yaron nan yana dawowa da wando jiƙe, abincinsa ko taɓawa bai yi ba, kullum da safe ya ƙanƙame zanina. Ranar da na faɗa musu ba zato, wajen sha biyu, sai na tarar ajin nasu garejin mota ne aka toshe, kwano ba silin, yara sun fi arba'in, anti ɗaya riƙe da tsumagiya. Banɗaki ɗaya suke haɗawa da 'yan firamare, ba buta, ba ruwa. Ashe tsoro ke hana shi cewa zai yi fitsari. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi, domin ni na miƙa shi da hannuna.

In kun je, ku wuce ofis, ku nemi ajin. Ku ƙirga kawunan yaran. Manufar ilimi ta Najeriya ta ɗora malami ɗaya ne a kan yara 25 a nazire, kuma duk wadda ta taɓa raino ta san ko 25 ɗin ma aiki ne ja. Ku tsaya ku ga abin da anti ke yi in yaro ya fashe da kuka: tana durƙusawa ta rarrashe shi, ko daga nesa take daka masa tsawa? Ku leƙa banɗaki, ku tambayi ruwan sha. Ku dubi taga da silin, kuna tuna zafin Afrilu, don sanyin safiyar da kuka je ba zai nuna muku komai ba.

Sai ƙofa. Wa ke tsaronta, kuma wa ake ba yaro in an tashi? Mutanen Kano ba su manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace a ƙarshen 2021 ya kashe ba, abin da ya sa gwamnatin jihar ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu a farkon 2022. Ku binciki mai makarantar a unguwa kamar yadda ake binciken mai neman aure. In mai adaidaita zai riƙa kai yaron, ku san gidansu, makaranta ma ta san fuskarsa.

Abin da ya fi ruɗar iyaye shi ne Turanci. Yaro ya dawo da kalma uku, sai a ce makaranta ta yi kyau. Ɗan shekara uku da ake cika wa jaka da aikin gida, a danne masa hannu ya rubuta ɗaya zuwa hamsin, wahalar da shi ake yi, yatsunsa ba su ƙosa ba tukuna. Wasa da ƙasa, waƙa, tatsuniya, jiran layi, raba abu da ɗan'uwa, su ne karatunsa a wannan shekarun. Makarantar da ke bugun yaro don ya yi Hausa kuwa, ku bar musu kayarsu.

A gida ma akwai aiki, kuma ba na uwa kaɗai ba ne, malam. Tun saura wata guda a koya masa faɗin zai yi fitsari, da cire wando da kansa, da buɗe kwanon abincinsa. Ya san sunansa da na mahaifinsa. A duba katin rigakafi, musamman allurar ƙyanda, tunda zai shiga cikin yara. A gyara masa lokacin barci. Don Allah a daina cewa "bari in haɗa ka da anti ta zane ka", kuna sa masa tsoron wurin da kuke so ya so.

Ranar farko zai yi kuka, wataƙila ke ma ki yi. Kada ki sulale ki gudu yana kallon wani wuri. Ki durƙusa, ki yi masa addu'a, ki ce masa za ki dawo kafin azahar. In an tashi kuma, ya fito ya same ki tsaye a bakin ƙofa.