Bututun da gishiri ya cinye a Tampa

Ranar Talata aka jawo wani jirgin kamun kifi zuwa garejin da nake aiki a Tampa, jihar Florida. Mai shi ya ce sitiyari ya ƙi juyawa. Injin Yamaha ne mai ƙarfin doki 150, nauyinsa ya haura kilo 200. Da muka duba, ciwon yana jikin bututun ƙarfen da injin ke lilo a kansa in za a ɗaga farfela daga ruwa. A nan ta cikin bututun wayar sitiyari ke ratsawa, shi ya sa in tsatsa ta cika shi sai wayar ta maƙale.

Na ce wa maigidana mu zare wayar, mu goge cikin da burushin ƙarfe, mu cusa giris, zai ƙara shekara biyu. Ya dube ni ya ce wataƙila haka ake yi inda na fito, amma su ba sa faci a abin da ke riƙe da inji. Bai ɗaga murya ba. Ni dai da maganar na kwana.

Muka rataye injin da sarƙa don kada nauyinsa ya danne bututun, muka kwance manyan notin, muka fesa man sassauta tsatsa, muka ba shi lokaci ya jiƙa. Ko gezau. Ƙarfe da alminiyam in suka daɗe manne cikin ruwan gishiri, sai su zama kamar uwa ɗaya ta haife su. Sai da muka ɗan gasa wurin da wuta, muka sa sandar ƙarfe muna bugu da guduma, sannan ya fito yana zubar da ɓawo kamar busasshen rogo. Gefe ɗaya ya kusa hujewa. Washegari sabo ya iso, na ƙarfen da ba ya tsatsa, da sababbin bushin na roba, wato zobban da bututun ke zama a cikinsu. Muka shafe shi da giris muka zura.

Gaskiyarsa a kan wannan bututun, ban musa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne "inda ka fito". Shi ya san Yawuri, inda na fito? Ruwan Kwara ba gishiri, bututun injin Kawuna ya fi shekara goma bai ce uffan ba. Su kuwa nan, gishirin teku ne ya koya musu tsoro, kuma kayan gyara na zuwa har bakin ƙofa cikin kwana ɗaya. Bakaniken da ke ƙarƙashin bishiya a tashar jirginmu, in abu ya lalace sai an aika Anacha ko Legas, ga mai jirgi tsaye a kansa, gobe kasuwa, yara na jiran cefane. Da kunne yake gane ciwon inji, ya tayar da wanda a nan tuni an jefar. A ba shi rabin abin da ke rataye a bangon garejin nan, a ga wanda zai koya wa wani aiki.

Sai dai da dare na kasa barci, hatsarin jirgin ruwan Wara, garin da ke bakin Kwara a jihar Kebbi, ne ya dawo mini. Watan Mayun 2021, jirgin da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse kafin ya kai gaci, aka ce lodi ya yi masa yawa. A Tampa ba ka fita da jirgi sai da rigar ruwa ta kowane mutum a ciki, doka ce. Mu kuwa mata da goyo suke shiga, da Bismillah kawai.

Da asuba na kira gida. Na ce, "Kawu, yaushe rabon a ɗaga injinka a duba abin da ke riƙe da shi?" Ya ce, "Lafiyarsa lau, ɗana. Ruwa ya cika bana. Kai dai yaushe za ka zo?" Ina jin ƙarar injin a bayansa, da muryar masu lodi suna kiran fasinja, na riƙe wayar ban ba shi amsa ba.