Haƙoran bakaksul: ba a sauya ɗaya a bar ɗaya

Yana damuna yadda ake cewa a garejin Katsina wai in haƙoran bakaksul na tsohuwar Fijo 504 (wato ƙarafa biyu masu haƙora, ƙarami da babba, da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya) sun cinye, ƙaramin kawai za a sauya, a bar babban. Hujjarsu ba banza ba ce: kuɗi ya yi wuya, babban kuma a ido lafiyarsa lau.

Amma tun a masana'anta ake goga su biyun tare har haƙoransu su dace, shi ya sa ake sayar da su a haɗe. Sabo ba ya zama daidai kan tsoho. Direban da ya ɗauko kaya zuwa Daura zai ji gunji daga bayan motar, ƙarfen na zafi, sabon ma na cinyewa. Ko biyun aka saya, sai bakanike ya daidaita tazararsu da siraran washa.