Abin da ke bayan babbar kujera

Kujerun falona dai kun san su, masu ruwan hantar nan da Baba ya yi min na jere a 2014. Ba a maganar canza su. Duk zuwan da Inna za ta yi sai ta ƙwanƙwasa hannun babbar ta ce katako ne na gaske. Ita babbar ma ko an so fitar da ita ba ta fita, domin bayan jere maigidan ya sa ƙofar ƙarfe wadda ba ta kai ta da faɗi ba. To da na tashi gyaran falo kafin ƙaramar Sallah, dole komai ya bi su.

Na shiga Babbar Kasuwar Sakkwato da hotonsu a waya, na yanko labule ruwan madara, na sayi bokitin fenti mai kama da shi, na biya wajen dukawa na ɗauko tumtum biyu na jar fatar akuyar nan tamu, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko alhali daga nan take tafiya. Mai fenti kuwa ƙanin maigidan ne ya kawo shi daga Mabera, wai aikinsa babu na biyu. Ana azumi, zafi ya haura 40, ga warin fenti, sai na kwashi yara muka hau agwagwa da buje zuwa gidanmu a Runjin Sambo. Da la'asar na dawo na tarar da falo fes. Har kuɗin kabu-kabu na ƙara masa.

Washegarin Sallah falo ya cika. Ga Gwaggon maigidan, ga babbar yayarsa da 'ya'yanta, ga kuma maƙwabciyata, kun dai san wadda nake nufi. Na sa turaren wuta, ana ta sam barka, ni kuma ina ta cewa ai ba wani abu aka yi ba, ɗan shafe-shafe ne. Sai Yaya ta karkata kai ta ce da an mayar da babbar kujera jikin taga, da falon ya fi buɗewa. Na ce wallahi Yaya abin da ke raina ke nan. Ba ya raina. Na ƙwala wa ƙanin maigidan kira, ya zo da almajirinmu, suka kama ɗaya nan ɗaya can, suka ja.

Jama'a, sai ga kujerar ta tafi ta bar 'yar'uwarta a bango. Shuɗin fentin da, tsaf da siffarta, da tudun tsakiya da hannuwa biyu. Bawan Allah ko turata bai yi ba, zagaye ta ya yi da buroshi, kuma a gaskiya ya iya zagaye, ko ɗigo bai taɓa yadin ba. A tsakiyar shuɗin ga zanen mota da ɗana ya yi da biro tun bai shiga makaranta ba. A ƙasa kuma ƙurar hunturu ta shekaru, da takalmin yaro wari ɗaya, da rimot ɗin da aka doki yara a kansa, da busasshen tsaka.

Da tirena na silba.

Gwaggo ta gyara tabarau ta ce, "Ke ɗiyag ga, wanga shi na sabon yayi?" Ba wanda ya amsa. 'Ya'yan Yaya suka toshe baki da mayafi, kafaɗunsu na rawa. Ƙanin maigidan ya ce ana kiransa a waje, alhali ba wanda ya kira shi.

Tiren nan tun sunan autana nake cewa maƙwabciyata ce ta ara ba ta dawo da shi ba. Ban faɗa mata a ido ba, amma na faɗa wa mai kitso, kun kuwa san wannan ya fi sanarwa a rediyo. Kuma kafin ku fara tausayinta, matar nan ta ari injin markaɗena ta dawo da shi babu murfi. Ta ari turmi ya kwana gidanta har sai da na aika, aka ce wai tana jira ta gama dakan yaji. Ludayina na miya na gan shi da idona a tukunyarta, ta ce iri ɗaya ne. Wa zai zarga in ba ita ba?

Ta tashi a hankali, ba gaggawa. Ta duƙa ta ɗauko shi. Ta hure ƙurar, ta saitin sabon labulena. Ta sa gefen mayafinta ta goge ciki, ta juya ta goge baya, ta ɗaga shi sama tana duba fuskarta. Sannan ta ce, "Ikon Allah! Maman yara, ashe tire na tahiya da ƙahwa tai." Ta juye cincin ɗina a kai, ta bi baƙina ɗaya bayan ɗaya tana miƙa musu, har da ni. Na ɗauka. Me zan yi? Har yau ina jin ƙurar a haƙorina.

Da daddare na kira mai fenti. Ko a jikinsa. Ya ce, "Hajiya, inda ido ka gani shi aka shahwa ma hwenti. Kuma kujerag ga ta hi ƙarhin mai azumi." Ya ce zai zo ya ƙarasa in an gama Sitta Shawwal. Ragowar fentin ya riga ya daskare a bokiti, don yara sun bar shi a buɗe.

Kujera dai ta koma inda take. Yaya ta bugo waya tana tambaya ko an mayar da ita jikin taga, na ce ana shiri. Jiya kuma maƙwabciyata ta aiko 'yarta, wai in ara mata tire za ta yi baƙi, wai in rubuta a takarda don kar a manta.