Yaron da ba ya jin bulala

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Ranar Alhamis muna dawowa daga kasuwar Maigatari na tarar da wani yaro a bakin hanya yana jibgar jaki da sanda, daidai kan gyambon da mangala ta yi masa a baya. Jakin na makyarkyata, yaron na dariya. Na san mahaifinsa, sai na je na yi wa mahaifin magana. Ya ce, "Malam, ai yaron nan namiji ne, ko bulala ashirin ka zuba masa ba ka ganin hawayensa." Wallahi da alfahari ya faɗa, kuma abin ya hana ni barci.

Juriya abin yabo ce. Manomin da ƙaya ta soke shi ya ci gaba da huɗa, da mace a kan gwiwa tana naƙuda, babu mai zarginsu da komai. Wanda nake tsoro shi ne wanda bai damu da ciwonsa ba, kuma na wani ma bai dame shi ba.

Masana sun bi wannan da awo. A 2004, a Landan, an sa mata cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ana ɗana musu lantarki a hannu, can kuma a ɗana wa mazan da suke tare da su. Wasu sassan ƙwaƙwalwar da suka motsa don ciwon kansu, su ne suka motsa don ciwon mazan. Haka Allah Ya gina mu. Manzon Allah (SAW) ya kamanta muminai da jiki guda, idan gaɓa ta yi ciwo sauran jikin ya taya ta da rashin barci da zazzaɓi. Bincike ya kuma nuna cewa masu ƙeƙasasshiyar zuciya, marasa tsoro da nadama, wannan motsin yana da rauni a wurinsu, da yawansu kuma hukunci ba ya horar da su kamar yadda yake horar da sauran mutane. Ka ga kenan ƙara wa irin wannan yaro bulala koya masa ne cewa mai ƙarfi shi ke duka. Idan ya girma ya haɗu da ƙwaya, jakin nan zai iya zama matarsa ko ɗan maƙwabci.

Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi (SAW) yana sumbatar Hasan, ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya ce wanda ba ya jinƙai ba za a jiƙansa ba. Mu nawa ne a ƙauyukanmu muke ganin rungumar ɗa namiji sangarta ce?

Na koma wurin mahaifin bayan sallar Juma'a. Na roƙe shi ya rataye bulalar, ya zaunar da yaron kusa da shi suna cin tuwo, kuma ya sa shi da hannunsa ya riƙa wanke gyambon jakin yana sa masa magani har ya warke. Ya yi shiru, sannan ya ce zai gwada. Don Allah ku sa yaron nan a addu'a.